Akwatin Nomau

A Hillat Nomau, bakin Bahar, kudu da Sinnar,
ba mu da littafin tarihi.
Muna da akwatin ƙarfe mai tsatsa a kunnuwa,
da Inna Lantana, wadda idanunta suka rufe bara waccan.

Ni ke dubawa, ita ke gani.

Na ce, ga wani dogo ya dafa kujera,
bayansa labule mai zanen jirgin ruwa.
Ta ce, Nomau ke nan, a shagon mai hoto na Wad Madani.
Rigar ta aro ce, duba hannunta, bai rufe masa tsintsiyar hannu ba.
Jirgin nan na jikin labule,
shi kaɗai ne jirgin Makka da ya taɓa tsayawa kusa da shi.

Daga ƙasar Haɗeja ya taso, da jakai biyu da niyya.
Ya ce a yada zango a nan,
a tsinci auduga kaka ɗaya, a cika guzuri, a wuce Sawakin.
Kaka ɗaya ta ja wata, har ta mai da shi kaka.
Bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya nemi katanga,
mai wucewa ya haƙa rijiya.

Ƙarƙashin hotuna akwai takarda ninki huɗu,
ajami ne, tawadar ta koma ruwan goro:
Talle, shekarar fara.
Jatau, daren da Bahar ya shigo kasuwa ya kwashi buhunan dawa.
Delu, ran da aka kafa injin niƙa.
Sai wani suna da aka ja wa layi,
ba a ƙara ko harafi ba.
Tsakiyar shafi hannu ya sauya,
sunayen ma suka sauya riga:
Awad, Sittana, Hamad.
Nawa ne na ƙarshe, da shuɗin biro, a karkace.

Na ce, ga maza bakwai a gindin gawo,
ɗaya da tire, hayaƙi ya ci rabin fuskarsa.
Ta yi dariya har da tari.
Barau mai agashe! Bashi ya kashe masa jari sau uku,
duk shidan nan da ka gani, ba wanda ya biya shi.
Ban faɗa mata an sare gawon ba.
Wurin yanzu rumfar cajin waya ce,
jikan Barau ke zaune ciki, shi ma yana ba da bashi.

Na ƙarshe ya tsage ta gefe.
Ranar da aka kawo sabon kwalekwalen fito,
gari duk ya jeru, kowa ya ƙame kamar turke,
sai yarinya guda can a baki, da kwandon kifi a ka,
ta motsa, fuskarta ta zama hazo.
Na ce, wannan kam ba mai gane ta.

Inna ta yi shiru.
Ta laluba hoton, babban yatsanta ya sauka kan ruwa.
Ta ce, miya na bari a wuta,
mai hoton kuwa sai ƙirge yake da Larabci, ya ƙi gamawa.

Na juya bayan hoton, na rubuta da fensir:
Lantana, ba ta tsaya ba.

Ta ce, me ya rage?
Na ce, ƙullin tsumma, da tsabar da ba ta sayen ko ashana.
Ta ce, kuɗin jirgi ne, kar ka taɓa,
bai ce ya fasa ba.
Mayar ka rufe,
tun gara ba ta ji labari ba.